Abin da Ya Kafe na Mai Saye Ne

Ni ce na matsa sai an nemi lauya. Baban yara cewa ya yi dillali ya isa, ai mutumin kirki ne, tare suke shan shayi da safe. Na ce masa, "Mutumin da ke rantsuwa tun ba a tambaye shi ba? Ran nan ya kai mu wani gida yana cewa rufin sabo ne fil, ni kuwa ga sama ina hangowa ta cikin silin." Ya yi dariya, ya ce bakina ya fi keken ɗinkina gudu. Makanike ne shi. In mota ta yi tari daga ƙarshen layi ya san ciwonta, amma ka miƙa masa takarda yanzu zai fara neman tsumman goge hannu.

Mu dai haya ta ishe mu. Tun da aka kawo ni ɗakinsa muke yawo daga wannan ciki da falo zuwa wancan. Gadona har ya gaji da kwancewa da ɗaurawa, ƙafarsa ɗaya ma da bulo muke tallafe ta. Ga shi mai gidan da muke ciki ya ba mu notis, ɗansa zai yi aure, yana so mu tashi kafin damina ta sauka. Kullum in zai wuce ta ƙofarmu sai ya yi gyaran murya, ni kuma in ƙara taka keke da ƙarfi kamar ban ji ba.

Gidan da muka samu a ƙarshe ba wani babba ba ne. Ɗaki uku a jere, tsakar gida mai siminti da ya fara tsagewa, famfo a kusurwa, bishiyar gwaiba a tsakiya. Sai wani ɗan ɗaki a bakin ƙofa, tagarsa na kallon titi. Ina ɗora ido a kan ɗakin nan na ce a raina, shago ya samu. Shekara da shekaru a ɗakin kwana nake ɗinki, masu kawo aiki a bakin gado suke zama, baban yara ya sha kwanciya a kan allura ya tashi da salati. Nan take na gama tsara komai a kaina: keke a gindin taga, madubi a bayan ƙyaure, ɗinkakkun kaya a rataye inda duk mai wucewa zai gani.

Mai gidan wata tsohuwa ce gajeriya, da sanda a hannu, wadda ban taɓa ganin ta dogara ta ba, nuni kawai take yi da ita. Mijinta ya daɗe da rasuwa, gidan kuma sunanta ne a takarda. Ɗanta guda, mai kemis, shi ne ya dage a sayar ta koma wurinsa, wani bene mai tayil da na'urar sanyaya ɗaki. Ranar da muka je dubawa bin bayana ta yi ɗaki-ɗaki, kai ka ce ni ce ake sayarwa.

"Yara nawa?" ta tambaye ni.

"Mata biyu, Iya."

"Suna hawa bishiya?"

"Ƙaramar tana hawa."

"Madalla. Gwaiba ba ta son gidan da ba a hawanta." Ta nuna wa Auta wani reshe da sanda, ta ce wanda ke can sama ya fi zaƙi.

Ofishin lauyan a saman wani shagon taya yake. Matakalar ƙarfe, fanka mai ƙyas-ƙyas, fayil-fayil jibge har kan kujerar baƙi, sai da ya kwashe sannan muka samu wurin zama. Mutum ne mai tumbi, gilashi a ƙarshen hanci, kofin shayi ba ya barin hannunsa. Baban yara ya gaishe shi ya bar min fage. Ni kuwa da tambayoyina na zo, a bakina suke tun daren jiya.

"Barista, yaya za a yi in san gidan nan nata ne da gaske?"

"Zan je ofishin filaye in bincika. In ga sunan da ke can ko shi ne na takardar hannunta, ko an jinginar da gidan a banki, ko akwai wata shari'a a kansa."

"Dillali ya ce mu ba da kafin alƙalami kada wani ya riga mu."

"Ki ce masa alƙalamin yana wurina, in na gama bincike zan ara masa."

"To yaushe gidan zai zama namu?"

"Ranar da aka sa hannu a gaban shaidu, aka biya, aka miƙa makulli. Daga nan in kai a yi rajista da sunanku. Kafin wannan ranar, ko labule kada ki ɗinka."

Baban yara ya kalli silin. Labulen duk tagogin gidan suna ninke a cikin akwatina, har da na shago, mai ruwan ganye.

"In ta fasa fa?" na ce.

"Muddin ba ta sa hannu ba, tana iya fasawa. Ke ma haka."

"In akwai bashin wuta ko na ruwa? In wani ɗan'uwan mijinta ya ɓullo daga baya? In maƙwabci ya ce katangar tasa ce?"

Ya ajiye kofi, ya dubi baban yara ta saman gilashi. "Malam, haka kake fama a gida?"

"Wannan ma don tana jin kunyarka ne," in ji baban yara.

Daga ranar lauya ya raɗa min Uwar Tambaya. Amma ya amsa min ɗaya bayan ɗaya, bai gaji ba, ni ma ban ji kunya ba. Gumin shekaru ne za mu zuba a wuri guda, ba zan bar shi a hannun mai rantsuwa ba.

Bincike ya fito tas. Ba jingina, ba shari'a, katanga ta gidan ce. Aka sa ranar sa hannu. Baban yara ya sa rigarsa ta zuwa biki, ya wanke hannu da omo har sau ba adadi, amma baƙin mai yana nan a ƙarƙashin farce. Iya ta zo da ɗanta, yana riƙe da gwiwar hannunta a matakala tana ƙwacewa. "Inna, a hankali," yake ta cewa, "Inna, ki riƙe ƙarfen." Duk sanda ya ce Inna sai in ji wani abu ya soke ni a ƙirji. Haka nake kiran mahaifiyata, ta rasu ina 'yar firamare, kuma tun daga lokacin kalmar ba ta sake fita daga bakina ba.

Lauya ya karanta yarjejeniya sannu a hankali, yana tsayawa yana fassara. Iya na ta gyaɗa kai. Sai ya zo kan abin da za a bari a gida da abin da za a kwashe.

"Nan ne mutane suka fi yin faɗa, Iya, don haka ki saurara," ya ce. "Ƙa'idar ba wuya. Duk abin da ya kafe a gidan, na mai saye ne. Abin da ake iya ɗauka a tafi da shi, naki ne. Sai dai in an rubuta akasin haka kafin a sa hannu."

Iya ta gyara zama. "Ƙyauren ɗakina fa?"

"Ya kafe."

"Famfo?"

"Ya kafe."

"Fankar sama?"

"Ita ma."

"Gwaiba?"

"Ai ita ta fi kowa kafewa, Iya."

"Randa?"

"Randa ana ɗauka. Taki ce."

"Wadda aka binne gindinta a siminti fa?"

Lauya ya sosa ƙeya. "To, wannan kam ta kafe."

"Igiyar shanya?"

"Igiyar taki ce, ƙusoshin nasu ne."

Kowa ya kwashe da dariya, har dillali da ke tsaye a bakin ƙofa. Na ce a raina ashe akwai wadda ta fi ni. Lauya ya zare murfin biro ya miƙa mata, ya nuna mata layin da za ta sa hannu. Ta karɓa. Ta dubi takardar, ta ɗago ta dube ni, kallo mai tsawo har sai da na gyara mayafina. Sannan ta ajiye biron a kan tebur.

"Kaina na ciwo," ta ce. "A kai ni gida."

Na juya na dubi baban yara. Ɗanta ya yi ta ba da haƙuri, ya ce tsufa ne, gobe za su dawo. Gobe ta zo ba su dawo ba. Jibi da hantsi ya kira baban yara a waya, ina kusa ina datsa bakin zani, kuma wayar baban yara irin mai ƙarar nan ce da maƙwabta ma ke jin sirrinka.

"Malam, ka yi haƙuri," in ji ɗan. "Inna ta kafe. Na kawo mota a kwashi kaya ta kore su. Na yi lallashin duniya, cewa kawai take ta kafe, ba inda za ta."

Almakashin ya faɗi daga hannuna. Kowa ya san in aka ce tsoho ya kafe, magana ta ƙare, ko da katako za ka banƙare shi ba zai motsa ba. A daidai lokacin mai gidan hayarmu ya wuce ya yi gyaran muryarsa. Na shiga ɗaki na buɗe akwati na ga labulen nan mai ruwan ganye, sai kuka. Na kira lauya ina shessheƙa na ce ba yadda za a yi a tilasta mata? Ya ce, "Uwar Tambaya, wannan kin riga kin tambaya, na kuma ba ki amsa. Ba ta sa hannu ba."

Baban yara ya ce mu yi haƙuri, ba rabonmu ba ne, Allah zai kawo wani. Shi komai haƙuri. Na ce ya riƙe haƙurinsa ya sa a aljihu, ni sai na ji daga bakinta. Na yafa mayafi na fita, ko zaren da ke manne a zanina ban tsaya karkaɗewa ba. Duk hanya ina shirya maganar da zan faɗa mata, ina gyarawa ina ƙara mata gishiri.

Na same ta zaune a gindin gwaiba a kan 'yar kujera, sanda a cinya, hankali kwance. Na durƙusa na gaishe ta, don ko rai ya ɓaci gaisuwa dole ce. Ina gamawa na saki.

"Iya, me muka yi miki? In ba ki son sayarwa ai da kin faɗa tun farko. Mun biya lauya, mun yi bincike, mai gidanmu ya ba mu notis, yarana sun gama gaya wa duk makarantarsu cewa suna da bishiya. Yanzu damina ta sauka mu shiga ina? Kin bar ni na sa rai, Iya. Wannan ba adalci ba ne."

Ta bar ni na gama tsaf. Sannan ta ce, "Wa ya ce miki na fasa?"

"Ɗanki ya ce kin kafe."

"Ƙwarai kuwa. Na kafe."

"To ai shi ke nan!"

"Ke yarinyar nan, duk tambayoyinki ashe ba kya sauraron amsa. Ba kina zaune lauya ya yi bayani ba? Abin da ya kafe, na wa ya ce?"

Na ce a hankali, "Na mai saye."

"To. Za ki saya ko ba za ki saya ba?"

Sai a lokacin na waiga na dubi gidan da kyau. Ɗakunan nan uku a buɗe suke, an share su fes, ko tsinke babu. Gadonta, akwatinta, buta da tabarma, duk an kai su ɗan ɗakin bakin ƙofa. Yaran maƙwabta ta sa suka kwashe mata.

"An dasa ni a gidan nan tun kafin gwaibar nan," ta ce. "Randa da aka binne wa gindi ma lauya ya ce ta kafe, balle ni? Daga ƙofar nan aka fita da mijina. Ɗana ba shi da laifi, matarsa ma 'yar albarka ce, har ruwan wanka take haɗa min. Na je na gwada zama da su. Da safe kowa ya fita aiki, a bar ni da talabijin. In na leƙa taga rufin mutane kawai nake gani. Wuni guda ba mai yin sallama. Nan kuwa ko tari na yi, mai kanti na tsallaken titi zai aiko a ji lafiya. Gidan ya fi ƙarfina, gaskiyar ɗana ce, rufi na yoyo ba mai hawa. Ku karɓa. Amma ni ina cikin ƙusoshi, ba na cikin igiya."

Ban san sanda dariya ta ƙwace min ba. Na zauna daɓas a kan siminti ina dariya hawaye na zuba, ita kuwa ko murmushi, kamar ta faɗi farashin gishiri. Da na lafa sai idona ya koma kan ɗan ɗakin, da tagarsa mai kallon titi. Ta zaɓe shi ne don shi ne ƙarami, ba ta so ta tsare mana wuri. Ba ta san shagona ne ta shimfiɗa tabarma a ciki ba. Raina ya yi ƙunci, ba zan ɓoye ba. Shekaru nake mafarkin tagar nan.

"Me ya sa mu, Iya?" na ce. "Ai mutane da yawa sun zo duba gidan."

"Sun zo. Kowace da uwarta ko uwar mijinta, suna leƙa lungu suna taɓe baki. Ke kaɗai kika zo ba babba a bayanki, kina ƙwanƙwasa bango da kanki. Uwarki tana raye?"

"Ta rasu ina ƙarama."

"Allah ya jiƙanta. Na sani tun ranar." Ta nuna zanina da sanda. "Karkaɗe zaren nan, haka kika ratso titi?"

Na karkaɗe.

Da na koma gida na kwashe labari na gaya wa baban yara, sai ya zauna a bakin gado ya riƙe haɓa. "Ni dai in na sayi mota nakan buɗe but in ga ko an bar min jak ɗin ɗaga mota," ya ce. "Ban taɓa jin an bar wa mutum uwa ba." Ya ɗago ya dube ni. "Shagonki fa?"

"Shi ne ai."

"Ke za ki yanke. Ni in an bi ta tawa, gidan da ke da tsohuwa ba ya zama kango ko kowa ya fita." Auta da ke laɓe a bayan labule ta leƙo ta tambaya ko kakar ma tamu ce yanzu, yayarta ta ja ta suka fita.

Muka koma ofishin lauya, mu duka. Da Iya ta maimaita masa hujjarta, dariya ta sarƙe shi da shayi, sai da baban yara ya bubbuga masa baya. Ya cire gilashi ya share ido.

"Iya, shekarata nawa ina wannan aiki, ba a taɓa kama ni da bakina haka ba. Amma mutum ba ya shiga lissafin kayan gida. Ba a sayar da mutum."

"Wa ya ce sayarwa?" in ji Iya. "Gyara ce. Kai in ka yi sayayya mai yawa ba a yi maka gyara?"

Dillali ya ce wallahi tallahi in haka ne shi ma yana da la'ada a kan gyaran. Na ce masa ya je ya karɓa wurin gwaiba.

Lauya ya mayar da gilashinsa, fuskarsa ta koma ta aiki. Ya ce akwai hanya. Ana iya rubutawa a cikin yarjejeniya cewa gida ya zama namu, amma Iya tana da haƙƙin zama a wannan ɗakin muddin ranta. Sai ya juyo gare ni. "Ki ji da kyau. In an rubuta, ya rubutu. Ko kun yi faɗa, ɗakin nata ne. Ko kun tashi sayar da gidan wata rana, da wannan sharaɗin za ku sayar. Ba abin da za a yi don kunya ba ne." Ya kuma ce wa Iya shi lauyanmu ne, don haka sai ta kai takardar wurin wani lauyan ya karanta mata, ta tabbatar ba a cuce ta ba. Ta ce ita ba ta ga alamar cuta ba, amma za ta je, ko don ta yi wa wancan ma tambayoyi.

Ɗanta ne bai yi dariya ba tun da aka fara. Yana zaune kansa a sunkuye yana juya makullin mota.

"Inna, me mutane za su ce?" ya ce. "Ina raye, ina da wuri, uwata tana zaune a gidan wasu? Na gaza ke nan."

"Ba ka gaza ba," ta ce, muryarta ta yi laushi. "Ka yi min komai. Abu ɗaya ne ba ka iya ba, ba ka iya ɗauko min layinmu ka hau da shi bene."

Ya goge ido da bayan hannu. Tausayinsa ya kama ni, babban mutum da furfura a gemu. Na ce, "Yaya, ba gidan wasu ba ne. Za a yanka maka makullin ƙofa naka. Ka zo da safe, ka zo da yamma, ka zo da yara. In ka ga an yi mata abin da bai dace ba, ka kama ni da faɗa."

Ya ɗago ya dube ni, jin na ce masa Yaya. "Maganin hawan jininta da safe ne, bayan ta karya," ya ce. "Tana ɓoyewa a ƙarƙashin filo."

"Munafuki," in ji Iya.

Bayan kwana biyu, da wancan lauyan ya gama shan tasa azabar, muka dawo sa hannu. Lauyanmu ya miƙo min biro, ya ƙi saki. "Uwar Tambaya, yau ba tambaya?"

Na tuna tagar, da madubin da zan rataye a bayan ƙyaure, da labule mai ruwan ganye. Na dubi Iya, ta zauna a miƙe ta riƙe sanda da hannu biyu, tana yi kamar ba ta damu ba, amma idonta na kan biron.

"Guda ɗaya," na ce. "In gida ya zama nawa, zan iya kafa rumfa a tsakar gida?"

"Gidanki ne. Amma ki sani, in kin kafa, ta kafe."

Na sa hannu. Baban yara ya sa nasa, ya bar ɗan tabon baƙin mai a gefen takarda. Iya ta sa nata a hankali, harafi-harafi. Shaidu suka sa. Ta kwance bakin zaninta ta ciro makullai a zobe guda, ta zare ƙarami ɗaya ta mayar, ta miƙo min sauran.

Mun tare kafin ruwan farko. Ranar da muke loda kaya mai gidan haya ya fito zai yi gyaran murya, na riga shi. Baban yara ya hau rufi ya toshe yoyo, ya haɗa min rumfar kwano a jikin ɗakin Iya, na kafa keke a ciki. Labule mai ruwan ganye a tagarta na rataye shi, ta ce launin bai yi mata ba, amma ta hana a cire. Ba tagar titi, ba madubi a bayan ƙyaure, kuma har yau in na tuna nakan ɗan ji wani iri. Sai dai duk matan layin nan ta ƙofar Iya suke shigowa gaisuwa, kuma ba mai fita ba ta nuna mata kekena da sanda ba. Tana zaune tana duba min aiki: wannan wuyan ya yi faɗi, wannan hannun ya matse, wannan yarinyar a ƙara mata tsawo ko uwarta ba ta ce ba. Muna faɗa, sosai ma. Maganin nan kuwa kullum sai na ɗaga filo.

Wata rana na shiga kasuwa neman zare da zif, na haɗu da layin mota, na yi yamma. Hadari ya haɗo baƙi ƙirin, iska ta fara tashi. Ina shan kwanar layinmu na hango ta tsaye a bakin ƙofa, mayafinta na kaɗawa, ta sa hannu a goshi tana leƙen hanya. Yau kam ta dogara sandar.

"Ina kika tsaya?" ta ɗaga murya tun ban ƙaraso ba. "Ba ki ga gari ba? Mutum ya fita tun azahar ba waya ba aike? Tun ɗazu nake tsaye a nan, ƙafata har ta yi tsami!"

Na tsaya cak da leda a hannu. Ni da na haifi 'ya'ya biyu, ni da nake yi wa lauya tambaya har ya gaji. Rabon da wani ya tsaya a bakin ƙofa yana jirana ya yi min faɗa tun ina 'yar firamare. Daɗi ya kama ni har ban san inda zan sa kaina ba.

"Yi haƙuri, Inna," na ce.

Ta ji. Na ga ta ji, don sai da ta ɗan kau da kai ta gyara mayafi. Sannan ta matsa gefe ta ba ni hanya.

"Wuce ki kwashe shanya kafin ruwan ya sauko," ta ce.